Ƙwayar Gyaran Al'ada

Ni dai tun ina budurwa al'adata ba ta san lissafi ba. Wani lokaci ta zo sau biyu a wata, wani lokaci ta ɓace har in manta da ita, sai ranar da na ɗaura farin zani ta tuna da ni. Dada, mahaifiyata, takan ce aure zai gyara. A Wuro Patuji inda na tashi aure ne maganin komai, daga ciwon mara har taurin kai, ni kuwa ina da duka biyun.

Aure bai gyara ba. Mijina ɗan kasuwa ne, atamfa da leshi yake sayarwa a babbar kasuwar Mubi. Iyayensa daga Barno suka zo tun kafin a haife shi. Ni na zaɓe shi da kaina, kuma in faɗi gaskiya, da aka ɗaura har tausayin sauran 'yan mata nake ji da suka rasa irinsa. Mutum ne mai sanyin magana, ba ya shiga gida hannu rabbana, ko da rake ne sai ya riƙo. Muka kama haya a unguwar Lokuwa, ɗaki biyu a wani gida da ɗalibai suka cika. Ba mu daɗe da tarewa ba jini ya tsinke mini ya ƙi tsayawa, har salla ta rikice mini, na rasa ranar da zan yi wanka in fuskanci gabas. Shi ya ɗauke ni ya kai ni wani asibitin kuɗi.

Likitan namiji ne. Ni kuma amarya, 'yar Fulani, a ce in buɗe baki in yi wa wani ƙato bayanin jinina? Na sunkuyar da kai ina murza bakin hijabi, na bar mijina ya yi magana, kamar yadda na ga ana yi. Can suka juya harshe zuwa Turanci. Turancina na sakandare bai iya bin su ba, ban kuma yi ƙoƙari ba. Daɗi ma na ji da aka ɗauke mini nauyin. Da muka fito ya miƙo mini wani ɗan kati mai ƙananan ƙwayoyi, farare da 'yan jajaye a layin ƙarshe, ya ce, "Maganin gyaran al'ada ne. Ɗaya kullum, kada ki tsallake."

Ya kuwa gyara. Jinin ya tsaya, ya koma zuwa a kan lokaci, kaɗan, ba ciwo. Na yi ta sa wa likitan nan albarka. Duk sanda kati ya kusa ƙarewa sai in ga mijina ya kawo sabo, ya ajiye mini a kan madubi. Kullum tsirara yake kawo shi, ba kwali ba takarda. Na taɓa tambaya, ya ce mai kemis ne ke sayar da shi a haka. Da na ce yaushe zan daina, ya ce likita ya ce in na daina jinin zai dawo ya fi na da. Wanda ya taɓa yin wata guda yana wankin tsumma ba sai an roƙe shi ya sha ƙwaya ba.

Shekara ta zagayo, ba ciki. Ta biyu ta kama.

Surukata, wadda kowa ke kira Hajiya, tana zaune ne a gidan babban ɗanta a cikin gari, kuma duk Juma'a sai mun je gaishe ta. Hausarta ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a wurinta. Da farko da wasa take yi. Ta dubi cikina ta ce, "Kai yarinya, har yanzu shiru ne?" In yi murmushi in dubi ƙasa. Daga baya wasan ya ƙare. Ran sunan jikanta na wajen ƙanin mijina, wanda aka yi wa aure bayanmu, na miƙa hannu zan karɓi jaririn, sai ta ce a gaban mata, "Bari wanda ya iya ya riƙe." Wata ta yi tari. Na koma can wajen masu wanke-wanke na yi ta dirzar tukunyar da an riga an wanke.

Ina da baki, kowa ya san ni da shi. A gidanmu ko yayyena maza ba sa ja da ni. Amma me zan ce? Ina ganin laifin nawa ne. Ni ce mai rikitacciyar al'ada, ni aka kai asibiti, ni ke shan magani. A hanyar komawa gida na yi kuka a cikin keke, mijina ya riƙe mini hannu ta ƙarƙashin hijabi ya ce in yi haƙuri, haihuwa ta Allah ce.

A lokacin na fara sayen tsinken gwaji, wannan ɗan siririn abu da ake tsomawa a fitsari, layi ɗaya ba ciki, layi biyu akwai. Dalili kuwa, jikina yana ba ni alamu. Da safe zuciyata ta riƙa tashi, ƙirjina ya cika ya yi tsami, na ƙara ƙiba har rigunan lefena suka matse ni. Maƙwabciyata, wata mai sayar da ƙosai da ta haifi shida, ta dube ni sama da ƙasa ta ce ta rantse ciki ne, ai akwai matan da ke ganin jini a kan ciki. Na tsoma tsinke, layi ɗaya. Wata na gaba na sake, layi ɗaya. Na zauna a bakin gado riƙe da shi ina juya shi wajen hasken taga, ko akwai wani layi da ya ɓuya.

A haka mijina ya shigo ya same ni wata safiya. Ya karɓi tsinken ya duba, ya zauna kusa da ni. Ya ce, "Kada ki sa wa ranki damuwa. Wataƙila maganin nan da kike sha ne ke ɓata gwajin. Irin waɗannan ƙwayoyin suna rikita tsinke."

Wallahi ban taɓa jin maganar da ta sanyaya mini rai kamar wannan ba. Ashe ba a rufe ƙofa ba. Ashe tsinken ne maƙaryaci, ba jikina ba. Na kama maganar nan hannu bibbiyu. Daga ranar, duk layi ɗayan da na gani sai in ce ƙwaya ce ta ɓoye ɗayan. Shi da kansa ya koma sayo mini tsinken, yana haɗowa da sabon kati a leda ɗaya.

Da Hajiya ta ji batun alamun, sai ta ce ta san abin, kwantaccen ciki ne. A wurinmu an yarda ciki yakan kwanta, ɗa ya yi barci a mahaifa wata da watanni, har shekara, sai an tashe shi. Ta ce akwai wata tsohuwa a ƙauyen Mugulbu da ta iya tashin ciki. Mijina ya ɗauki shatar keke. Damina ce, hanya ta lalace, a bakin wani mayo, wato rafi, da ya cika sai da muka sauka, ya naɗe wandonsa ya riƙe ni muka tsallaka da ƙafa. Tsohuwar ta kwantar da ni a tabarma, ta danna marata da hannu mai kaushi, ta ce, "Yana nan. Ya kwanta ne. Yaro mai kunya." Na yi dariya har da hawaye. Ta ba ni saiwoyi a ƙulle, a jiƙa a sha safe da yamma.

Ban taɓa shan abu mai ɗacin jiƙon nan ba. Ina sha ina amai, cikina ya yi ta murɗawa har in durƙusa. Mijina ne ke kawo mini ruwa in kuskure baki. Shi ne ke shafa mini baya. Kuma in na gama, na share hawaye, shi ne ke tuna mini, "Kin sha ƙwayarki kuwa?" Sau uku muka koma Mugulbu a damina biyu. A cikin akwatina, can ƙasa, na ɓoye wata 'yar hular jarirai da na saya a asirce. Har magana nake yi wa cikina in ba kowa, ina lallashin mai barci ya tashi.

Abin da ya kai ni asibiti ni kaɗai ba zargi ba ne. Ban zargi kowa ba. Gajiya na yi da rashin sani. Na ce a raina, in ƙwaya ce ke rufe wa tsinke ido, to dole akwai wani gwajin da ba ta iya rufewa. Mijina ya tafi Kano saro kaya. Na ji an ce akwai likita mace a wani ƙaramin asibiti, na sa hijabina na tari keke, ban gaya wa kowa ba.

Likitar babbar mace ce mai tabarau, Hausarta a tsaye. Wannan karon na buɗe bakina da kaina. Na ce, "Likita, tambaya na zo yi. Maganin gyaran al'ada yana sa tsinken gwajin ciki ya yi ƙarya?"

Ta ce, "A'a. Tsinken wani sinadari yake nema a fitsari, wanda jiki ba ya yin sa sai in ciki ya shiga. Ƙwayoyin gyaran al'ada ba su da shi, ba kuma sa ɓoye shi. In an yi gwaji da wuri sosai, ko an sha ruwa da yawa, tsinke na iya kuskurewa. Akwai kuma wata allura da ake yi wa masu neman haihuwa, ita takan sa ya nuna layi biyu alhali babu. Amma ƙwaya ta ɓoye ciki wata da watanni, wannan babu shi. Wanne kike sha?"

Na zaro katin daga jaka na miƙa mata. Ta juya bayansa ta karanta. Ta cire tabarau ta dube ni.

"Tun yaushe?"

"Shekara uku ke nan, har da ɗoriya."

"Kuma kin ce haihuwa kike nema?"

Na ce ita ce ma ta hana ni barci.

Ta ce, "Baiwar Allah, wannan ƙwayar hana ɗaukar ciki ce. Gaskiya ne ana ba da ita don daidaita al'ada, na 'yan watanni, amma muddin kina shan ta kullum ba a sa ran ciki. Tashin zuciyar nan da cikar ƙirji ma tana iya kawo su. Wanda ya rubuta miki bai gaya miki ba?"

Na ce ba da ni ya yi magana ba.

Ta sa aka ɗebi jinina, aka kwantar da ni aka shafa mini wani abu mai sanyi a mara aka duba a na'ura. Ta juyo da allon ta nuna mini mahaifata. Ta ce lafiyarta lau, ba ta ga abin da zai hana ni haihuwa ba. Babu kowa a ciki, babu mai barci, ba a taɓa yin kowa ba. Na tashi na gyara zanina na yi mata godiya kamar mai hankali. Da na fito ban tari keke ba. Da ƙafa na taka har Lokuwa cikin rana, ban san na yi ba sai da na ga ƙofar gidanmu.

Da farko na so in kare shi, abin haushin ke nan. Na ce wataƙila shi ma bai sani ba, wataƙila Turancin ya kuɓuce masa. Sai kwalin da ban taɓa gani ba ya faɗo mini a rai. Mutumin da ke zama ya ɓare kwali ya zubar da takarda kafin ya shigo gida, wata bayan wata, ya san abin da ke rubuce a jiki.

Ya dawo daga Kano bayan la'asar, da tsarabar turare da takalmi. Na shimfiɗa masa tabarma, na kawo ruwa, na ajiye kwanon abinci a rufe. Ya wanke hannu ya buɗe. Katin ne kawai a ciki.

Ya daɗe yana kallon kwanon. Abin da ya fara fita daga bakinsa shi ne, "Wa ya ba ki izinin zuwa asibiti?"

Na ce, "Malam, ashe ka san inda na je."

Sai ya sauke murya. Ya ce, "Ni ban yi miki ƙarya ba. Na ce miki maganin gyaran al'ada ne. Bai gyara ba?"

Wannan kalma, gyara. Da ita ya rufe ni shekara uku, kuma yana zaune a gabana yana neman ya sake shigewa bayanta. Na ce masa to tsinken fa, wa ya ce mini ƙwaya ke ɓata shi? Mugulbu fa? Na ce, "Ka tsallakar da ni ruwa ka kai ni a tashi ɗan da ka san babu. Ina amai kana shafa mini baya. Uwarka ta hana ni riƙe jariri a gaban mata, ka dawo kana gaya mini haihuwa ta Allah ce." Muryata ta tashi har ɗaliban gidan suka kashe waƙar da suke ji. Ban damu ba, su ji.

Sai ya fashe da kuka. Ban taɓa ganin hawayensa ba. Ya ce ƙanwarsa ce. Na san labarin, kowa a dangin ya sani: shekarar da 'yan bindiga suka shigo aka gudu daga Mubi, naƙuda ta kama ta a hanya, a cikin duwatsu, ba ungozoma ba asibiti, jini ya ƙare mata a hannunsa. Ya ce ranar da ya ga jinina ya ƙi tsayawa, ita ya gani. Da likita ya ce ƙwayar tana hana ciki, a sha wata uku a daina, sai ya ji kamar an sauke masa dutse daga ƙirji. Ya ce wata uku ya ƙara, sannan wasu ukun. Daga baya ya rasa ta inda zai fara gaya mini.

Na yarda da tsoronsa. Har yau na yarda. Da ya zaunar da ni tun farko ya ce ga abin da ke cin sa, wallahi da na jira shi, da na raka shi wurin malamai da likitoci har zuciyarsa ta kwanta. Ina son sa a lokacin yadda ko shekara biyar ya roƙa zan ba shi. Amma bai roƙa ba. Ya ɗauka ne, ya kuma bar ni da sunan juya a bakin danginsa, yana kallo.

Na ce masa abu ɗaya nake so. Ba saki ba, ba zani ba. Ya kai ni gaban Hajiya ya faɗa mata da bakinsa cewa lafiyata ƙalau, shi ya hana. Ni ba zan faɗa ba, don in daga bakina ta fito, cewa za a yi juya ta rasa abin yi ta koma yi wa miji ƙazafi. Ya ce ya ji, ya yi alkawari.

Ran Juma'a muka je. Hajiya na zaune a kan darduma da carbinta, matar babban ɗanta na gefe tana tsince shinkafa. Muka gaisa. Mijina ya gyara zama, ya yi gyaran murya. Ya ce, "Hajiya, mun je asibiti. An gano abin da ke hana ta haihuwa. An gyara. In sha Allahu yanzu za a dace."

Na jira sauran. Babu sauran.

Hajiya ta ɗaga hannu sama ta yi hamdala. Ta juyo gare ni fuskarta a sake, rabon da ta yi mini irin wannan kallo tun ina amarya. Ta ce, "Ka gani ko, yarinya? Wani namiji da tuni ya kore ka. Ɗana ya yi haƙuri da kai, ya kashe kuɗi a kanka. Tashi ka gode masa."

Na dube shi. Idonsa na kan tabarma, yana jan wani zare da ya fito. Na ba shi lokaci, Allah ya sani na ba shi, har matar wansa ta daina tsintar shinkafa ta ɗago kai. Sai na tashi, kamar yadda aka ce in tashi. Na sa takalmina na fita na tari keke zuwa Wuro Patuji.

Na gaya wa Dada komai. Ta saurara har ƙarshe, ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da ragowar saiwoyin Mugulbu da na taɓa kawo mata ajiya, ta watsa su a murhu. Baffa, mahaifina, ya so in koma, don ba ya son a ce 'yarsa ta yi yaji. Da Dada ta yi masa bayani a keɓe bai sake tayar da maganar ba, sai dai ya daina fitowa in an ce ga surukinsa.

Mijina yana zuwa biko. Yakan zo da rana, bayan azahar, ya zauna a zaure da leda a gabansa. Ya rame. Nakan fito, don ban iya ƙin fitowa ba, kuma wannan ma yana ba ni haushin kaina. Kowane zuwa tambayata ɗaya ce, ka gaya mata? Kowane zuwa yakan ce yana neman lokacin da ya dace, hawan jininta ya tashi, ko ana shirin biki, ko azumi ya kusa. Ni kuma shekaruna suna tafiya. Har yanzu ina son ɗa, kuma abin da ya fi ciwo, nasa nake so.

Zuwansa na ƙarshe ya shigo da fara'a, kamar mai albishir. Ya ce ya zauna da Hajiya sun yi doguwar magana. Na zauna. Na ce, "To, me ta ce?"

Ya ce, "Ta ce in gaya miki, fitar da kika yi kika bar ta da magana a baki, ta yafe miki. Ki dawo ɗakinki."